Abdullahi Mamani, mutumin da ya sake haifar Sarauniya

Ka tambayi yaron kwaleji a Matamaye ko Kance wace ce Sarauniya Mangu, nan take zai ce maka jarumar Lugu ce da ta tari sojan Faransa. Ka tambaye shi wa ya rubuta labarin, sai ya sunkuyar da kai. Alhali kusan duk abin da yake faɗi daga alƙalamin mutum ɗaya ya fito, kuma mutumin namu ne na Damagaram.

An haifi Abdullahi Mamani a Gudumariya a 1932. Siyasa ya fara kafin rubutu. Yana saurayi ya shiga harkar ƙungiyar ma'aikata, ya bi Jibo Bakari a jam'iyyar Sawaba, har aka zaɓe shi ɗan majalisa mai wakiltar Damagaram. Sawaba ta ce a'a a ƙuri'ar raba-gardamar 1958, ta faɗi, aka haramta ta a 1959. Mamani ya yi gudun hijira, ya daɗe a Aljeriya yana aikin jarida da rediyo. A wannan zama ne ya fitar da diwanin waƙoƙinsa, Poémérides, a 1972. Da Kunce ya kifar da Diori a 1974 ya dawo gida, gidan kuma ya tarbe shi da kurkuku.

Littafinsa Sarraounia ya fito a Faransa a 1980. Ga abin da tarihi ya tabbatar: a 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan tana ƙone garuruwa. A watan Afrilu ta gwabza da Aznan Lugu, a ƙasar Dogon Dutsi, ƙarƙashin Sarauniyarsu. Lugu ta ƙone, mutanenta suka shige ƙungurmin daji. Rundunar ta wuce ta yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni, sannan a watan Yuli sojojinsu da kansu suka harbe hafsoshin biyu a wajejen Maijirgi, bisa hanyar Tasawa zuwa Damagaram. Takardun Faransawa 'yan layuka kaɗan suka ba Sarauniya. Mamani ne ya zana mata ƙuruciya, ya ba ta mai reno da ya koya mata baka da magani, ya sa mata jawabai a baki, ya kuma jera ta da sarakunan da suka zaɓi lallashin Bature.

Me ya sa mace, kuma ba'azna, a ƙasar da ke da Damagaram da Katsinar Maraɗi? A ganina ɗan Sawaba ne ke magana. Wanda ya ce a'a aka kore shi ya je ya nemo wadda ta riga shi cewa a'a, ba tare da fada ko tambari ba. Wannan bai rage wa littafin daraja ba. Amma malami ya san cewa ƙagaggen labari yake riƙe da shi, kada ya rubuta shi a allo a matsayin darasin tarihi.

Fim ɗin ya biyo baya a 1986. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya ba da umarni, Mamani ya sa hannu wajen tsara labarin. An so a ɗauka a Nijar, abin bai yiwu ba, aka koma Burkina Faso ta Sankara. Ai Keita ta fito a matsayin Sarauniya, kuma a 1987 fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne harshe: littafin da Faransanci, fim ɗin kuma Sarauniyarsa Julanci take yi. Uwar da ke Dungu ba za ta iya karanta na farko ba, na biyun ma sai da tafinta, alhali 'yarta na rawar Sarauniya a bikin makaranta.

Mamani ya rasu a 1993, a haɗarin mota tsakanin Damagaram da Yamai, yana kan hanyar karɓar kyautar adabi ta Bubu Hama. Yau akwai gidan rediyo da talabijin mai sunan Sarauniya a Yamai. Littafinsa na ƙarshe, Le Puits sans fond, bai ga ɗab'i ba sai bayan shekara ashirin da rasuwarsa.