Halitta ce ko Tarbiyya? Tsohuwar Gardama a Ƙasar Zamfara

Duk wanda ya taɓa zama a dandali ko a majalisar samari ya ji ana cewa mace ba ta da zurfin tunani, wai haka Allah ya halicce ta. Har masu iya magana sukan ce ƙarfin mata sai yawan magana. Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne mu auna wannan zance da ma'aunin tarihi, kuma ba sai mun yi nisa ba, don kuwa ƙasar Maradun da Bakura da Talatar Mafara ta ishe mu misali.

Wajen shekarar 1786 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shiga ƙasar Zamfara yawon wa'azi, ya yi kimanin shekara biyar a cikinta, har ya zauna a Faru, wadda ke ƙasar Maradun a yau. A cikin wannan tafiya ne wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya aiko masa da waƙar suka, don ya ga mata suna halartar wa'azinsa tare da maza. Shehu ya umarci ƙanensa Abdullahi ya mayar da jawabi. Abin da jawabin ya ƙunsa, kamar yadda yake cikin Tazyinul Waraƙati, shi ne barin mata cikin jahilci ya fi muni bisa fitowarsu neman sani. Sai mai karatu ya lura da abu guda: gardamar duka a kan cuɗanya aka yi ta. Daga mai suka har mai kariya ba wanda ya kafa hujja da cewa kan mace ba ya ɗaukar karatu. 'Yar Shehu, Nana Asma'u (1793-1864), ta tabbatar da haka a aikace. Ta yi wallafa da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma naɗa jajis waɗanda suka riƙa kai ilimi ga matan ƙauyuka, watau 'yan taru.

To, ina aka samo hujjar ƙwaƙwalwa? A ƙasashen Turawa ta yi ƙarfi, cikin ƙarni na 19. A Faransa wani likita mai suna Paul Broca ya auna ƙwaƙwalen matattu wajen 1861, ya ga ta maza ta fi nauyi, sai ya ɗauka wannan alama ce ta fifikon hankali. A Amurka kuwa Edward Clarke ya buga littafi a 1873, shekara tara bayan rasuwar Nana Asma'u, yana gargaɗin cewa karatu mai zurfi yana lalata lafiyar 'yan mata, har ya hana su haihuwa. Daga baya wasu masana suka juya wa wannan ra'ayi baya. A 1935 Margaret Mead ta ba da rahoton ƙabilu uku na tsibirin Niu Gini, inda ta ce halin da ake tsammani ga namiji ko mace yana sauyawa daga wata al'umma zuwa wata. Gardama ta sake tashi a 1975, sa'ad da Edward Wilson ya yi ƙoƙarin danganta ɗabi'un zaman jama'a da gādon halitta. A 2005 Janet Hyde ta tattara bincike masu yawa, ta nuna cewa a mafi yawan fannonin tunani bambancin da ke tsakanin maza da mata ƙanƙane ne, ko ma babu shi.

Ba muna cewa halitta ba ta da hannu ba. Mace ke ɗaukar ciki, ita ke shayarwa, kuma galibin maza sun fi ƙarfin dantse. Amma mu dubi sana'o'inmu. A ƙasar Hausa namiji ke ɗinkin riga da aikin hula, alhali a Ingila da can an ɗauki allura kayan mata ne. Ana cewa noma na maza ne, amma matan Maguzawa manoma ne na gaske, kuma kafin zuwan Turawa a 1903 bayi mata suna kwana da fartanya a gandayen masu sarauta. Masu nazarin zaman Hausawa sun lura cewa bayan mutuwar bauta ne kulle ya yaɗu cikin talakawa, domin barin gona ya zama alamar 'yanci da mutunci. Ashe abin da jika yake gani kamar halitta, kakarsa ta san ranar da aka fara shi.

Haka kuma sha'anin ƙarancin 'yan mata a makarantu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, noman rani na shinkafa ya bunƙasa a Mafara da Bakura. Matan da ke cikin gida su ke gyaran shinkafa da yin abincin sayarwa, 'ya'yansu mata kuwa su ne ƙafafunsu a kasuwa. Yarinyar da ke ɗauke da farantin talla ba rashin basira ya hana ta aji ba, neman kuɗin kayan ɗaki ne. Daɗin daɗawa, ga tsoro. Ran 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talatar Mafara. Ko da yake an sako su bayan 'yan kwanaki, uban da ya ga haka ya cire 'yarsa daga makarantar kwana, ba halittarta ya duba ba.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, mu yi hattara da kalmar nan "halitta", domin duk abin da aka jingina mata an rufe ƙofar gyara shi ke nan. Talauci da talla da rashin tsaro kuwa aikin mutane ne, mutane ne kuma za su iya kawar da su. Fiye da shekara 200 da suka wuce aka yanke hukunci a wannan ƙasa tamu cewa kada a bar mata cikin duhu. Abin kunya ne a ce mu da muka zo jami'a mu ne za mu ta da shari'ar da magabata suka riga suka kashe. Allah ya sa mu gane.