Lambar da Lucas Ya Tabbatar da Hannu

A shekarar 1644 wani limamin Kirista ɗan Faransa, Marin Mersenne, ya wallafa jerin lambobin da ya ce ba sa rabuwa, wato waɗanda babu abin da ke raba su daidai sai 1 da su kansu, irin su 7 da 31. Duk siffarsu ɗaya: a ninka 2 da kanta sau kaza, a ɗebe 1. Bai kawo hujja ba, kuma ya yi kure a wasu. Amma ya dace a kan guda ɗaya mai ban tsoro, wadda ake samu idan aka jera 2 har guda 127, aka ninka su da juna, aka cire 1:

170141183460469231731687303715884105727

Alƙalumanta 39 ne. Wanda ya ce zai gwada raba ta da lambobi ɗaya bayan ɗaya, sai ya bi su har zuwa masu alƙaluma 20, aikin da ya fi kwashe yashin Sahara da cokali. Shekara 232 ana zaune a kan zato.

Édouard Lucas, haifaffen Amiens a 1842, shi ya warware matsalar a 1876. Abin da ya fi burge ni shi ne bai nemi abin da zai raba lambar ba sam. Wata hanya ya ɓullo da ita, wadda Ba'amurke Derrick Lehmer ya gyara a 1930. A yadda ake koyar da ita yau, ana farawa da 4, a ninka ta da kanta a cire 2, a sami 14. A sake, a sami 194. Duk lokacin da sakamakon ya zarce babbar lambar, sai a raba shi da ita, a riƙe ragowar kawai. Bayan mataki 125, in ragowar ta zama sifiri, lambar ba ta rabuwa. Mataki 125 kacal, amma kowanne ninki ne na lambobi masu kusan alƙaluma 39, kuma kure ɗaya ya isa ya rushe duka. Lucas ba shi da na'ura.

Akwai kuma wani tsari a jikin lambar: ita 127 ɗin ma ba ta rabuwa, kuma daga 2 guda 7 ta fito a cire 1, 7 kuwa daga 2 guda 3, 3 daga 2 guda 2.

Shekara 75 babu wanda ya gano lamba marar rabuwa da ta fi ta Lucas girma, sai a 1951 da aka shigo da injinan lissafi. A Oktoban 2024 Luke Durant, na shirin GIMPS mai farautar irin waɗannan lambobi, ya gano wata daga wannan zuriya mai alƙaluma 41,024,320. Da aka zo tantance ta, gwajin Lucas da Lehmer aka ɗora wa kwamfutocin.