Kowane Yaro da Allonsa

Tun da aka kafa Sabo a Ibadan a 1916, makarantar allo ce gidan karatun yaranmu. A can kowane yaro da allonsa, da darasinsa. Daga babbaƙu zuwa farfaru, wanda ya biya daidai malam ya ce ya wanke, a ƙara masa. Mai kaifin ƙwaƙwalwa ba ya jiran kowa.

Da gwamnatin Awolowo ta kawo firamare kyauta a 1955, sannan UPE ta biyo a 1976, boko ya zo mana da tsarin aji: sa'anni wuri ɗaya, littafi ɗaya. An ƙaru, ba musu, amma waccan hikimar ta salwanta.

Jikata tana nazare. Rubutun jikin katan a shagona duk karantawa take, amma a aji kullum ABCD ake rerawa, har ta fara ƙin zuwa. Na sami malamarta cikin mutunci, ta gwada ta, yanzu littafin aji ɗaya take ba ta.

'Yan uwa, ku saurari karatun yaranku. Wanda ya wuce darasinsa, ku roƙa a ƙara masa. Allah Ya yi musu albarka.