Tsohuwar Lee-Enfield a Hannun Masu Sha'awar Gyara

Bindigar Lee-Enfield, wadda rundunar sojan Ingila ta karɓa a shekarar 1895 kuma ta riƙe a matsayin babban makamin sojan ƙasa har zuwa 1957, tana cikin tsofaffin bindigogin da masu sha'awar gyaran kayan tarihi suka fi nema a Amurka da Kanada da Ostireliya da ita kanta Ingila. James Paris Lee ne ya tsara sakatarta, wato ƙarfen da ake ja baya a tura gaba da hannu domin fitar da kwanso da ɗura sabon harsashi, aka kuma fara ƙera ta a masana'antar makamai ta gwamnati da ke Enfield, arewa da birnin Landan. Tana cin harsashi goma mai faɗin .303 na inci, kuma an ƙiyasta cewa an ƙera kimanin miliyan 17 a masana'antu daban-daban, ciki har da Lithgow a Ostireliya da Ishapore a Indiya da Long Branch a Kanada. Samfuri biyu ne suka fi shahara: gajeriyar nan ta 1907 da aka yi Yaƙin Duniya na Farko da ita, sai kuma mai lamba 4 da aka shiga ƙerawa gadan-gadan a 1941.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, rundunoni suka koma ga bindigogi masu ɗura kansu, sai gwamnatoci suka wayi gari da rumbuna maƙil da makaman da ba su da sauran buƙatarsu, suka yi gwanjonsu da araha. Dillalai irin su Samuel Cummings, wanda ya kafa kamfaninsa na cinikin makamai a 1953, suka riƙa saye suna lodawa a jiragen ruwa zuwa Amurka, inda a lokacin ake iya yin odar bindiga ta gidan waya. Kisan Shugaba Kennedy a 1963 da wata tsohuwar bindigar sojan Italiya da aka saya ta wannan hanya yana cikin dalilan da suka haifar da dokar 1968, wadda ta toshe shigo da rarar makaman soja, sai a 1984 aka sassauta ga waɗanda doka ta ɗauka kayan tarihi ne.

A waɗancan shekaru na araha ne aka yi wa bindigar ɓarna mafi yawa, ba da mugun nufi ba. Manomi ko mafarauci da ya saye ta domin harbin barewa ba ya ganin amfanin katakon da ya lulluɓe bututunta har baki, saboda haka sai ya sa zarto ya datse shi domin rage nauyi, ya jefar da ƙarafan da ke ɗaure shi, wani lokaci ya huda jikinta ya ɗora madubin hange. Yawancin aikin masu gyara na yau warware wannan aika-aika ne, wato nemo katako da zobba da murfin baki irin na asali a mayar. Idan katako kaɗai aka yanke akwai magani, amma idan zarton ya taɓa bututu ko an huda ƙarfe, to bakin alƙalami ya bushe.

Abin da ya bambanta gwani da ɗan koyo a wannan sha'awa shi ne karatun tambura, domin jikin kowace Lee-Enfield cike yake da hatimai da aka buga da guduma, kuma su ne takardar tarihinta. A kan zoben ƙarfen da ya haɗa gindi da gangar jikin samfurin 1907, akan ga kambin sarauta da harufan sunan sarkin lokacin da sunan masana'anta da shekarar ƙira. Wata alama mai kama da kan kibiya tana nuna mallakar gwamnatin Ingila, harufan FTR suna nufin an mayar da bindigar masana'anta an yi mata garambawul, waɗanda kamfanin Savage ya ƙera a Amurka lokacin yaƙi kuwa suna ɗauke da rubutun da ke cewa kayan gwamnatin Amurka ne, saboda a bisa tsarin aro aka miƙa su. A gefen gindin tsofaffin akwai ɗan faifan tagulla da akan buga sunan bataliya a kai, waɗanda suka bi ta hannun Indiya kuma sau da yawa ana gane su da wani dogon noti da aka ratsa katakon gaba da shi domin hana tsagewa. Ana kuma duba ko lambar da ke jikin sakata ta yi daidai da ta gangar jiki, tunda hakan ne ke nuna ba a yi mata haɗe-haɗe ba.

Wannan ne ya sa samfefa ta zama abin tsoro a wajen masana. Mai gyaran da ya ƙosa ya ga katako yana sheƙi yakan goge shi har hatiman da ke kansa su shafe, ya bi shi da fenti mai ƙyalli wanda babu sojan da ya taɓa ganin irinsa, kuma hakan daidai yake da wanke allon da ba a riga an haddace abin da ke kansa ba. Hanyar da ta dace tana buƙatar haƙuri. Ana fara raba bindigar da daskararren maiƙon ajiya da ake kira Cosmoline, wanda aka dulmuya ta ciki domin kare ta daga tsatsa, ta hanyar shanya katakon a rana ya yi ta gumin mai ana sharewa da tsumma, wani lokaci har tsawon makonni. Inda katako ya lotsa, ana ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a danna dutsen guga mai zafi domin tururi ya tayar da wurin, sannan a shafa man da ake tatsa daga ƙwayar tsiron lilin, kaɗan-kaɗan da tafin hannu, kamar yadda ma'aikatan rumbunan soja suke yi tun asali. Tabon da ya samo asali daga aiki a fagen daga ba aibi ba ne, kuma mai hankali yakan bar shi inda yake.

Cikin bututu kuwa yana da nasa labarin, domin hular tsofaffin harsasan soja tana barin wani gishiri mai jawo danshi, shi ya sa aka horar da sojoji su riƙa kwarara tafasasshen ruwa ta mazurari bayan harbi. Bindigar da aka yi sakaci da ita a nan cikinta yakan yi ramuka, kuma babu gogewar da za ta mayar da ƙarfen da tsatsa ta ci. Harufan DP gargaɗi ne mai nauyi, saboda suna nufin hukuma ta ware bindigar domin fareti kawai bayan ta yanke cewa ba ta cancanci harbi ba, kuma masana sun haɗu a kan cewa kada a ɗura harsashi a kowace tsohuwar bindiga sai ƙwararren maƙerin bindiga mai lasisi ya auna ta.

Bindigar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin ita sojojin Afirka ta Yamma suka rataya zuwa Habasha da kuma yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82, kuma 'yan sandan Nijeriya sun daɗe suna riƙe da ita bayan samun 'yancin kai. Sai dai dokar makamai ta 1959 ta ambaci bindigogin soja masu faɗin .303 cikin jerin haramtattu, saboda haka wannan sha'awa ba ta da gurbi a hannun ɗaiɗaikun mutane a Nijeriya, gyara da adana irin waɗannan kayayyaki haƙƙi ne na gidajen tarihi da na rundunar soja.

A can inda doka ta yarda ma, kayan suna ƙarewa. An rufe masana'antar Enfield a 1988, kuma dakarun sa-kai masu sintiri a arewacin Kanada, waɗanda suka riƙe mai lamba 4 tun 1947 saboda juriyarta ga tsananin sanyi, sun fara ajiye ta a wajajen 2018, musamman saboda kayan gyara sun yi wuyar samu. Katakon asali ya yi tsada har wasu masassaƙa suna sassaƙa sabo, abin da babu laifi a cikinsa muddin an faɗa wa mai saye gaskiya. Matsalar da ta fi damun masu tara kayan a yanzu ita ce hatiman jabu da wasu ke bugawa domin mayar da bindigar gama-gari ta zama ta maharban ɓoye, wadda kuɗinta ya ninka na sauran sau da yawa, lamarin da ya tilasta wa masu saye gwada kowace lamba da kundayen da masana suka tattara kafin su biya.