Fatsa da Mamari a Rafukan Ƙasar Lafiya

Su, wato kamun kifi, tsohuwar sana'a ce a kudancin ƙasar Lafiya, inda kogunan Mada da Dep suke gangarawa su zuba a Binuwai. Tun kafin Barebari su kafa garin Lafiya a ƙarshen ƙarni na 18, Jukunawan bakin ruwa suna kamun kifi a wannan yanki. Daga baya masuntan Hausa, musamman Kabawa, suka riƙa sauka da rani suna kafa tunga a gaɓar kogi, har wasu tungayen suka zama garuruwa, kamar Tunga da ke ƙasar Awe. Kowace tunga tana da Sarkin Ruwa, mai raba wuraren su da sasanta rigima.

A wancan zamani masunci shi yake haɗa kayan aikinsa. Maƙeri ya ƙera masa ƙugiya, shi kuma ya murza igiya a cinyarsa da zaren rama ko na yawa, wato wani irin wake da ake nomawa domin zarensa mai jure ruwa. Ya ɗaura ƙugiyar a bakin igiya, ya sa guntun totuwar kara a sama. Da totuwar ta nutse, ya san kifi ya haɗiya, sai ya fizga. Wannan ita ce fatsa.

Gwanintar tana wajen koto, domin kowane kifi da abin da yake kawo shi. Ana sa wa tarwaɗa tana ko hanjin kaza, giwan ruwa kuwa sai ƙaramin kifi mai rai. Idan ruwan farko ya sauka shinge ya fito, yara sukan tara shi a ƙwarya, saboda ƙananan kifaye suna rububinsa. 

Mamari shi ne babban aikin ƙugiya. Doguwar igiya ce da ake jera wa ƙugiyoyi da yawa kusa da juna, galibi ba koto, a shimfiɗa ta cikin ruwa da yamma. Kifin da ya gifta da dare sai ƙugiya ta kama jikinsa, da asuba a bi da kwalekwale a cire.

Daga wajen shekarun 1950 zuwa 1960 zaren roba da ƙugiyar kanti suka shigo, murza yawa ya ja baya, daga baya kuma gorar roba ta maye gurbin ƙwarya wajen yin alamar inda mamari yake. Ɗaurin ƙugiya da sanin koto kuwa har yau a hannun iyaye ake koyonsu, kuma kifin da aka kama ana yin bandarsa a kai kasuwar Lafiya.