Ramin Akuta da Abin da ke Ƙarƙashinsa



A 1957 ne Faransawa masu neman tagulla suka tarar da uraniyom a Azelik, cikin jihar Agadas. Bincike ya yi arewa, har aka kafa garin Arlit a 1969. Kamfanin Somaïr ya fara fid da uraniyom a 1971. Ramin Cominak kuwa, a Akuta, zurfinsa wajen mita 250 ne. An yi aiki cikinsa daga 1978 har aka rufe shi a 2021.

Wanda ya saba da rijiya zai ce wannan zurfi ya kai. To, amma ko ɓawon duniya ba a huda ba. Ku ɗauki duniya kamar goruba. Ɓawonta, inda muke zaune, kaurinsa wajen kilomita 35. Ƙarƙashinsa akwai tsoka ta dutse mai zafi, har zurfin kilomita 2,900. Sannan ƙwallo na narkakken ƙarfe.

Wa ya je ya gani? Babu. Ramin da Rasha ta haƙa a Kola ma, a kilomita 12 ya tsaya. Masana girgizar ƙasa suke saurare, kamar yadda mai sayen tukunya ke ƙwanƙwasa ta ya ji lafiyarta. Da haka wata mace ƴar Danmak, Inge Lehmann, ta gano a 1936 cewa tsakiyar ƙwallon nan daskararre ne.

Shi kuma zafin da ke can ciki, wani kashi nasa daga uraniyom yake fitowa, irin wanda ƴan'uwanmu suka haƙo a Akuta.