E3: Kasuwar Da Ihun 'Yan Kallo Ke Yanke Farashi

A watan Mayu na 1995, Jihar Jigawa ba ta ma cika shekara huɗu da kafuwa ba, aka buɗe wani bajekoli a birnin Los Angeles na Amurka mai suna E3. Da wuya a ce labarinsa ya iso Gantsa, hedikwatar Buji, ko ma Dutse a wancan lokaci. Amma na'urar PlayStation da samari ke zagayewa yau a gidajen gem, ana kallo ana ihu, wanda aka ci ya tashi ya ba wani wuri, a wannan taro ne aka fara shelar kuɗinta ga kasuwar Amurka.

Kafin nan masu sana'ar wasan bidiyo 'yan rakiya ne. A bajekolin kayan lantarki na CES suke raɓewa, masu talabijin da rediyo su kame wurare masu kyau, su kuwa a tura su gefe, wani lokaci har cikin tanti. Da tura ta kai bango sai ƙungiyarsu ta haɗa nata taron.

Ranar farko aka ga abin da har yau ake ba da labarinsa. Kamfanin Sega ya sanar da cewa sabuwar na'urarsa Saturn ta riga ta shiga shaguna a kan dala 399, wata huɗu kafin ranar da ya sa tun farko. Da aka zo kan Sony, wanda a lokacin baƙo ne a wannan kasuwa, sai aka kira wani jami'insa, Steve Race, ya yi jawabi. Ya hau mumbari, ya faɗi lamba ɗaya, 299, ya tattara takardunsa ya sauka. Zauren ya kaure da tafi. Saturn ba ta taɓa miƙewa a Amurka ba, kuma a 2001 Sega ya daina ƙera na'urori gaba ɗaya.

Daga nan kamfanoni suka gane cewa taron kallo ne kafin ya zama na ciniki. A 2004, da Nintendo ya nuna sabon wasan Zelda, Shigeru Miyamoto ya fito riƙe da takobi da garkuwa, manyan mutane masu gemu suka riƙa kururuwa. A 2006 kuma Sony ne ya sha kunya: ya ce PlayStation 3 mai babban rumbu dala 599 ce, sai wuri ya yi tsit, washegari intanet ta cika da ba'a.

Shekarar da ta fi shafar mai gidan gem a Jigawa ita ce 2013. Microsoft ya zo da Xbox One a kan dala 499, haɗe da sharuɗɗa biyu masu tsauri. Dole na'urar ta hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kowane awa 24, in ba haka ba wasanni su kulle. Sannan ba kai-tsaye mutum zai ara wa abokinsa faifai ko ya sayar da shi ba. Da aka yi wa shugaban sashen Xbox, Don Mattrick, maganar waɗanda ba su da intanet, sai ya nuna musu tsohuwar Xbox 360, su je su saya. Da yammacin 10 ga Yuni, ranar da Microsoft ya yi nasa taron, Jack Tretton na Sony ya tsaya ya ce PlayStation 4 za ta karɓi faifai na hannu, kuma ba ta neman intanet kullum. Sai da ya dakata da magana saboda tafi. Daga baya a taron wani jami'in Sony ya sanar da cewa dala 399 ce. Sony ya ƙara da wani ɗan gajeren bidiyo na tsokana, inda wani jami'insa ya miƙa wa abokin aikinsa faifai hannu da hannu, wai koyarwa ce ta yadda ake aron wasa. Ranar 19 ga Yuni Microsoft ya janye sharuɗɗan, farkon Yuli kuma Mattrick ya bar kamfanin.

Waɗanda suka yi wannan tafi ba Kiyawa ko Birnin Kudu ne a ransu ba, aljihunsu suke karewa. Sai dai a duba yadda sana'ar take a nan. Na'ura ba ta isowa sabuwa. Sai ta gama aiki a Turai ko Amurka, ta biyo Legas, ta sauka a shagunan Sabon Gari a Kano, kafin wani matashi ya haɗa jari ya ɗauko ta da talabijin da janareta. Wuta ba tabbas, data da tsada, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Na'urar da sai ta gaisa da kamfaninta kullum kafin ta yi aiki, a irin wannan shago kayan ado ce kawai. Da Microsoft ya ci nasara, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu, da kasuwar na hannu ta shiga uku. A ƙarshe PlayStation 4 ta haura miliyan 100 a ciniki, kimanin ninki biyu na Xbox One.

Tafi dai ba shaida ba ne. A 2019 ɗan wasan fim Keanu Reeves ya fito a E3 tallar wasan Cyberpunk 2077, zauren kamar ya tsage. Da wasan ya fito a Disamba 2020 cike yake da kurakurai, har Sony ya cire shi daga shagonsa na intanet, aka mayar wa mutane kuɗinsu. Su kuwa 'yan gidan gem na Arewa, yawancin wannan hayaniya ba ta dame su ba. Tambayarsu ɗaya ce duk shekara: yaya sabuwar ƙwallo? Tsakanin PES na Konami da FIFA na EA aka yi shekaru ana musu kamar na magoya bayan Barcelona da Real Madrid, har PES ya koma eFootball a 2021, EA kuma ya rabu da sunan FIFA a 2023.

Abin da ya kashe E3 shi ne kamfanoni sun gano ba sai sun biya kuɗin rumfa ba. Tun 2011 Nintendo ya fara watsa sanarwarsa kai-tsaye ta intanet, a 2013 ya daina babban taron mumbari. A 2017 aka sayar wa jama'a tikiti 15,000 don a raya taron, amma a 2019 Sony ya ƙi zuwa. Korona ta hana na 2020, na 2021 a intanet kawai aka yi, na 2022 da 2023 aka soke. Ranar 12 ga Disamba 2023 ƙungiyar ESA mai shirya taron ta sanar da rufe shi ɗungurungum. Yanzu Gamescom na birnin Kolon a Jamus da Summer Game Fest ne suka gaji aikin, kuma matashi a Gantsa mai waya da data yana ganin sanarwar a YouTube a daidai lokacin da ɗan jarida a Los Angeles ke ganinta.